Shekarar da Aka Ɗebi Jininmu Ni da Baffa Garba

Akwai maganar da ta daɗe tana yawo a cikin danginmu, kuma na san ta kai kunnen wasunku tun kuna yara: wai ni na hana a yi wa Baffa Garba magani, likita ya ce a yi masa aiki, na ɗauko tsoho na mayar da shi gida Dakko. Ban taɓa zaunar da ku na ba ku labarin ba, domin abin ya shafi wurin da uba ba ya son ambata a gaban 'ya'yansa. To yanzu na tsufa, nauyin bakin ya ragu, kuma mazan cikinku har wasu sun fara furfura. Gara ku ji daga bakina.

Abin ya faro ne daga ciwon Yaya Almu. Shi ne babba a ɗakinmu, yana zaune a Maradun yana sayar da taki da irin shuka. Ni kuwa a lokacin malamin gona ne a Talata Mafara, ina zagaya masu noman rani a kan babur, ina duba shinkafa da albasa. Yaya Almu ƙaƙƙarfan mutum ne, irin wanda zai ɗora buhun taki a kafaɗa yana ci gaba da ciniki. Ashe ya daɗe yana fama da fitsari bai gaya wa kowa ba. Matarsa ce kaɗai ta lura yana jimawa a bayan gida, in ta tambaya ya ce basir ne. Ya sha jiƙe-jiƙe da sassaƙe iri-iri. Sai da ciwon baya ya kwantar da shi, fitsari ya tsaya cak, sannan aka ɗauke shi zuwa asibiti. Likitoci suka ce ciwon daji ne. Ya fara daga wata 'yar tsoka da ke ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji, wadda suke kira furostet, kuma ya riga ya shiga ƙashi. Aka sa masa robar fitsari, aka ba shi maganin rage zafi, aka ce mu koma gida. Kafin ruwan farko ya sauka Allah ya karɓi abinsa.

Wanda ya yi jinyarsa daga farko har ƙarshe shi ne babban ɗansa, Bashiru, dillalin dabbobi a Bakura. Shi ke juya shi, shi ke zubar da jakar fitsari, shi ke riƙe hannunsa in zafi ya taso. Kuma shi ne ya ji wani likita yana cewa da an zo da wuri da an yi wani abu. Wannan magana ta shiga zuciyar Bashiru ta zauna. Da aka watse daga zaman makoki ya zo gidana, muka gaisa, ya ƙi taɓa furar da aka kawo masa.

"Baba Lawali," ya ce, "sun ce akwai gwajin jini da ke nuna ciwon nan tun bai yi ƙarfi ba. Sun ce kuma yana bin jini. Ni ba zan sake zama ina kallo ba. Kai da Baffa, sai an auna ku."

Na ce to. Ni ma tsoron yana jikina, na haura hamsin, kuma uwa ɗaya uba ɗaya muke da mamacin.

Baffa Garba, ga waɗanda ba su riske shi ba, ƙanin mahaifinmu ne, shi ya riƙe mu bayan mahaifinmu ya rasu. A shekarar ya wuce tamanin, amma da ƙafarsa yake zuwa gona, da hannunsa yake yi wa shanunsa harawa. Ba ya ciwon komai in ban da gwiwa. Da muka je Dakko muka gaya masa abin da ke tafe da mu, ya dubi Bashiru, wanda jika yake a wurinsa kuma abokin wasa, ya yi dariya.

"Kai, wanga yaro! Mi ni yi maka za ka kai ni a tsotse man jini? Ko gadon shanun ne kake sauri?"

Bashiru bai yi dariya ba. Idonsa ya kawo ruwa. Ganin haka Baffa ya shiga ɗaki ya sako babbar riga.

Muka tafi wani asibiti mai zaman kansa a birni, inda aka ce akwai ƙwararren likitan mafitsara. Ba zan faɗi sunansa ba, kuma ba na so ku ɗauke shi mugu, don ba mugu ba ne. Ranar da muka je wurin a cike yake maƙil. Akwai masu roba a jiki, akwai wanda ke kwance a kan tabarma yana nishi kamar yadda Yaya Almu ya yi. Da layi ya zo kanmu Bashiru ya buɗe baki ya ce mahaifinsa ya rasu da ciwon nan, ga ƙaninsa, ga baffansa. Likitan bai ɗaga kai sosai ba. Ya ce kun kyauta da kuka zo, ya rubuta mana gwaji, ya ce na gaba ya shigo. Bai tambayi Baffa shekarunsa ba, bai tambaye ni ko ina jin wani abu ba. Aka ɗebi jini. Da sakamako ya fito muka koma, ya duba, ya ce lambar kowannenmu ta haura yadda ake so. Ya ce za a shiga da allura a ɗebo ɗan tsoka daga wurin a duba, in an ga ciwon sai a yi aiki a cire. Mu duka biyun. Ya faɗi ranar da za mu dawo, wani mai jinya ya leƙo yana kiransa da gaggawa, ya tashi ya fita.

Muka kamo hanyar gida. Ni dai abin da ke cikin kaina shi ne kabarin Yaya Almu da filin da ya rage a gefensa.

Da na isa gida mahaifiyarku, Luba, tana tankaɗe a tsakar gida. Ta dube ni sau ɗaya ta ajiye rariya. Na gaya mata. Ta yi salati, sannan ta tambaye ni abin da ni ban tambaya ba.

"Malam, shi Baffa an ce mishi mi za a yi mai? Ya gane?"

Na ce ban sani ba.

"To kai ka gane?"

Na ce ni ma ban gane ba sosai.

"Mutum biyu za a yanka, ba wanda ya gane," in ji ta. "Akwai ɗan ƙawata ta Morai, Sa'idu, wanda ke babban asibiti a Sakkwato. Shi ma aikin mafitsara ya karanta. Ku tai ku ji bakinshi."

Haka muka yi. Muka fita da hantsi, don a shekarun nan ba a sammako a hanyarmu kuma ba a yin yamma saboda ɓarayin daji, ni da Baffa da Bashiru. Dakta Sa'idu shi ma wurinsa cike yake, amma da muka shiga ya tashi ya gaida Baffa gaisuwar gida, ya tambayi mutanen Dakko, ya tambayi shanu, ya yi mana ta'aziyya. Sannan ya karɓi sakamakon ya duba. Ni ya fara tambaya: ko na yi zazzaɓi kafin a ɗebi jinin, ko fitsari na yi mini zafi. Na tuna lallai a makon na yi fama da zafin fitsari, na ɗauka rana ce da yawon babur. Ya gyaɗa kai. Ya tambayi Baffa shekarunsa, ya tambaye shi ko fitsari na tsaya masa, ko ya ga jini, ko ƙashi na ciwo, ko ya rame. Baffa ya ce shi dai gwiwa. Dakta ya nemi izini ya duba mu da hannu, ɗaya bayan ɗaya, a bayan labule. Wannan dubawar ita ce maza ke gudu, domin ta baya ake yi. Ina gaya muku ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba, kafin ka gama jin kunya an gama.

Da muka zauna ya yi mana bayanin da har yau ina riƙe da shi. Ya ce gwajin jinin nan ba ya cewa ga ciwon daji. Abin da yake cewa kawai shi ne tsokar ta motsa. Tsufa na sa lambar ta hau, kumburi na sa ta hau, ciwon sanyi na sa ta hau. Ya ce saboda haka manyan likitocin mafitsara na ƙasashe sun zauna sun shimfiɗa ƙa'idoji: kada a auna mutum sai an zauna da shi an gaya masa amfanin gwajin da wahalarsa, ya yarda da kansa. Wanda ciwon ya kama ubansa ko ɗan'uwansa, a fara yi masa maganar da wuri, tun yana cikin shekarun arba'in. In lambar ta hau, kada a yi saurin sa allura, a jira a sake aunawa. Dattijon da ya yi nisa sosai kuma ba ya jin komai, a bar shi, domin ciwon a jikin tsoho yawanci tafiyar hawainiya yake yi, allurar da yankan su ne za su fi saurin kayar da shi.

Bashiru ya gyara zama.

"To Dakta, in haka ƙa'idar take, don mi wancan likitan bai bi ta ba? Ba karatu ɗaya kunka yi ba?"

"Karatu ɗaya muka yi," in ji Dakta Sa'idu. "Kuma na san ya san ta. Ni ma da nake gaya muku, ba kullum nake bin ta sau da ƙafa ba. Ka ga layin da ke waje? Yawancinsu sun zo ne bayan ciwo ya ci ƙashi. In ka wuni kana gaya wa mutane an makara, sai ga wani ya shigo da ƙafarsa, hannunka rawa yake yi ka yi wani abu. Bayanin nan da nake yi muku yana cin lokaci, rubuta gwaji ba ya ci. Sannan akwai tsoro. In na auna tsoho na wahalar da shi, ba wanda zai zage ni. In na ƙi aunawa wani abu ya faru, sunana ya ɓaci har Morai."

Daga nan ya juya ga Baffa, ya matso da kujerarsa kusa da shi, ya ɗaga murya kaɗan.

"Baffa, abin da hannuna ya taɓa girman tsufa ne, sumul yake, lambar kuma ba ta yi hawan da zai firgita ni ba. Ba zan rantse maka babu ciwon ba. Ana iya sa allura a duba. Allurar na iya kawo zubar jini ko zazzaɓi mai tsanani. In an gani aka ce aiki, a shekarunka aikin babba ne, kuma kana iya tashi fitsari na zuba ba ka sani ba. In an bar ka, zan gaya wa yaranka alamomin da in sun gani su kawo ka da sauri, akwai maganin da ke kwantar da ciwon. Jikinka ne. Mi kake so?"

Baffa ya daɗe yana kallon sandarsa. Tunda muka fara wannan yawo ba wanda ya yi masa wannan tambaya, har ni.

"Ɗana," ya ce, "ni na ga jikokin jikokina sun kusa. Abin da ni ka so, in tsaya salla da tsarkina, in tai gona da ƙahwata. In ka bar man waɗanga, ka gama man komi. Ranar da ta zo, ta zo."

Dakta ya dube ni, don ni ne babba bayan Baffa. Na ce abin da Baffa ya zaɓa shi za a yi.

Wannan kalmar ita ce ta raba ni da Bashiru. Sai da muka fito bakin titi, Baffa ya tsaya sayen goro, sannan Bashiru ya matso kusa da ni.

"Haka Baba ya yi ta cewa a bar shi. Haka kunka bar shi. Yanzu kuma ka samu likitan da ya faɗi abin da kake son ji."

Na ce masa ciwon mahaifinsa daban, na Baffa daban. Mahaifinsa ya yi ta jin alamu yana ɓoyewa, Baffa kuwa ba ya jin komai. Bai saurare ni ba. A tasha ya shiga wata motar daban. Daga ranar ya ɗauke ƙafa daga gidana. In mun haɗu a suna ko jana'iza ya durƙusa ya gaishe ni kamar yadda aka koya masa, ya tashi ya bar wurin. Mahaifiyarsa ta daina aiko wa Luba da kuka da daddawa kamar yadda ta saba. Magana ta zaga Maradun da Bakura har ta dawo mini ta bakin wani mai sayar da iri: wai ina gudun ɗawainiya. Yaron da na ɗauka da hannuna ranar da aka haife shi. Wannan ya fi lambar jinin ci mini rai.

Ni kuwa nawa lamarin bai ƙare ba. Dakta Sa'idu ya ba ni maganin sanyi, ya ce in sha in huta, in dawo bayan wasu makonni a sake aunawa. Na koma ana tsakiyar damina. Lambar ta sauka, amma ba ta sauka yadda yake so ba. Ya ce ga shekaruna, ga abin da ya faru da ɗan'uwana, shawararsa a sa allurar. Ya gaya mini abin da zan ji da abin da ka iya biyo baya, na ce a yi. Na yi kwanaki ina ganin jini-jini, Luba na ta dafa mini zogale tana kallona ta wutsiyar ido. Da sakamako ya fito ta ce ƙafarta ƙafata, ba za ta zauna a gida ta jira labari ba.

Ciwon yana nan. Dakta bai yi kwana-kwana ba, ya faɗa. Luba ta kama gefen mayafinta ta toshe baki. Amma ya ce ɗan kaɗan ne, kuma irin mai sanyin tafiya ne, ba irin na Yaya Almu ba. Ya ce hanya biyu ce. Ko a yi aiki yanzu a cire, tare da abin da aikin ka iya jawowa ga riƙon fitsari da kuma zaman aure. Ko a sa masa ido: in riƙa zuwa a kan kari ana auna jini ana dubawa, in ya nuna alamar motsi a cire shi tun bai je ko'ina ba. Ya ce ga irin nawa, ƙa'idar ta fi karkata ga sa ido.

"Amma zan gaya maka gaskiya, Malam Lawali," ya ce. "Da yawa daga cikinmu a nan ba ma ba mutane wannan zaɓin. Ba don ba mu sani ba. Mutum zai ce zai dawo, sai noma ya taso, ko hanya ta lalace, ko ya ji jikinsa garau, ba za ka sake ganinsa ba sai an ɗauko shi. Shi ya sa wasu ke cewa gara a yanke tun yana hannu. In na bar ka ka tafi da shi, za ka dawo?"

Kafin in buɗe baki Luba ta riga ni.

"A cire, Dakta. Ni ban iya kwana da shi ina sane da abin nan na cikin jikinshi."

Muka dawo gida ba mu yanke ba. Kwanakin da suka biyo baya gidan ya yi nauyi. Ku da kuke yara a lokacin kuna iya tuna Innarku ta yi ta faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, tuwo ya ƙone, an bar ƙofa a buɗe awaki sun shiga. Ba ku ba ne. Wata rana bayan la'asar ina gyaran babur a zaure ta zo ta tsaya a kaina. Na ce mata ni ina da sauran aiki, ina da yara ƙanana, kuma likitan bai ɓoye mana komai ba, har abin da ba ya yi wa likitoci daɗin faɗa. Mutumin da ya gaya mini inda shi kansa yake kasawa, zan iya yarda da shi in ya ce a jira.

"To na ji," ta ce. "Amma ka sani, ranar komawa in ta zo, ko ana ruwan ƙanƙara sai ka tai. In ka ƙi, ni da kaina zan kira Sa'idu in ce ya wasa wuƙa."

Kuma ta cika. Ba ta taɓa bari na tsallake ko sau ɗaya ba. Akwai lokacin da hanyar ta yi muni har direbobi suka ajiye motoci, da aka buɗe ita ta fara jin labari, ta zo ta tsaya da hulata a hannu.

Ana cikin haka, wajen kaka, na je Dakko gaida Baffa, na same shi a gindin ɗorawa yana ɓarar gyaɗa. Tun kafin in zauna ya fara dariya. Ashe Bashiru ya zo ya ɗauke shi ba da sanina ba, ya ce za su je duba wani bijimi, sai ga su a asibitin farko, a gaban likitan farko. Bashiru na so a yi allurar a gama. Ranar kuwa wurin ba cunkoso. Likitan ya duba takardun, ya ɗaga kai ya dubi Baffa da kyau, ya tambayi shekarunsa. Ya yi masa tambayoyin nan duka, ya duba shi. Sannan ya ce wa Bashiru ya mayar da kakansa gida. Bashiru ya ce ai kai ka ce a yi. Likitan ya ce haka ne, shi ya faɗa, kuma da ya tsaya ya yi tambaya a ranar da ko jinin ba a ɗiba ba. Ya ce abokin aikinsa na Sakkwato ya yi daidai.

"Sai yaron ya tsaya kamar an kwashe mai kasuwa," in ji Baffa. "Ni ko na ce mai, to ina bijimin?"

Na yi dariya, amma na tausaya wa Bashiru. Ba taurin kai ke damunsa ba. Yana neman wanda zai ceta ne, tunda bai samu ceton mahaifinsa ba.

Baffa Garba ya ƙara shekaru masu albarka bayan wannan. Ya aurar da jikoki, ya ga 'ya'yansu, bai taɓa sa roba ba. Zazzaɓin damina ne ya yi ajalinsa, ya yi jinya gajeriya, kuma har ranar da ya kwanta da kansa yake alwala. Ni kuma na yi shekaru ina zuwa ana aunawa. Daga baya lambar ta fara hawa, aka sake dubawa, Dakta Sa'idu ya ce lokaci ya yi. Aka yi aikin, aka cire shi bai fita ko'ina ba. Na sha wahala bayan aikin, akwai abin da ya dawo daidai, akwai wanda bai dawo ba, ba sai na buɗe muku ba. Amma ga ni ina rubutu, kuma a tsakanin nan na yi shekaru cikakku da lafiyata, a cikinsu aka haifi autarku. Ku maza, ga abin da nake so ku ɗauka: ciwon yana gidanmu. Kada ku jira fitsari ya tsaya, kada kuma ku miƙa hannu a ɗebi jini ba ku san abin da ake nema ba. Ku je, ku faɗi tarihin gidanku, ku yi tambaya. In likita na sauri, ku ce masa ya yi haƙuri ya zauna. Yawancinsu sun san abin da ya dace, taro ne ke kora su.

Saura in gaya muku yadda Bashiru ya dawo. A ƙarshen wannan shekarar ne, an gama girbin shinkafa. Ranar komawata asibiti ta zo, na shirya, na fito zaure zan nemi ɗan kabu-kabu ya kai ni tasha, sai na tarar da Bashiru a ƙofar gida a kan babur ɗinsa. Ban san wanda ya gaya masa ranar ba, ko da yake ina zargin Innarku. Ya sauko ya durƙusa, muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ya tambayi kowa da sunansa. Bai ambaci abin da ya wuce ba, ni ma ban ambata ba. Ya ce yana da ɗan uzuri a Sakkwato, ko ma tafi tare. A mota ya ba ni gefen taga. Muka yi hirar farashin raguna har muka isa.

Da na gama da Dakta na fito, sai Bashiru ya miƙe daga kan benci.

"Baba Lawali, ka ɗan jira ni. Ni ma ina da magana da shi."

Lokacin ya shiga shekarun arba'in. Na zauna a inda ya tashi. Ya daɗe a ciki, har waɗanda ke layi suka fara gunaguni, wani dattijo ya tambaye ni ko aiki ake yi wa yaron nan a ciki. Na ce a'a, magana suke yi. Can sai ga shi ya fito, ya bi wata ma'aikaciya zuwa ɗakin gwaji, ya dawo ya naɗe hannun riga, yana danne da auduga a gwiwar hannunsa. Ya zauna kusa da ni, kafaɗarsa na taɓa tawa.

Na ce, "Ya ce a auna ka ke nan?"

"A'a," in ji Bashiru. "Shi bai ce ba. Ya gaya man komi, mai daɗi da marar daɗi, ya ce in zaɓa. Ni na ce a auna."